Kyamarar da Mai Agogo Ya Zaɓa Mini

Wata biyar bayan rasuwar Mama, wayar Yaya, wato wana, ta faɗa cikin bokitin da yake wanke motarsa. Duk bidiyon Mama a cikinta yake, har da na ranar da aka sallame ta daga asibiti karo na farko tana yi wa nas tsiya. Kullum Yaya cewa yake zai turo mini, ni kuma kullum cewa nake ba sauri. Masu gyaran waya uku suka duba ta, kowa ya girgiza kai ya miƙo mana abarmu.

Baba bai yi faɗa ba. Ce mini kawai ya yi in taka kujera in sauko da wani gwangwanin biskit da ke saman kabad. Na buɗe na tarar da naɗin fim guda shida, siriri kamar igiyar takalmi, irin mai faɗin milimita takwas. Kawu, ƙanen Mama, shi ya ɗauke su tun kafin a haife ni. Ba mu da majigin da za mu haska su, sai wani abokin aikina a shagon tabarau ya kwatanta mini wani tsoho mai gyaran kyamara da ake kira Mai Agogo, don da gyaran agogo ya fara. Can muka je ni da Baba. Tsohon ya ja labule, ya kunna majigi, sai ga Mama a jikin bango, siririya, tana sauka daga motar haya tana kare rana da hannu.

Da muka fito Baba ya tsaya a bakin titi yana jujjuya gwangwanin.

"Kin gani ko, Uwata? Shekara arba'in yana saman kabad, bai ce uffan ba. Naku kuwa bokiti ɗaya ya gama da shi."

Tun daga ranar, duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauke shi, sai ya kau da kai ya sa hannu ya rufe fuska. Da muna ɗauka wasa ne, sai muka ga da gaske yake.

Shekara ta zagayo, tarin da Baba ya daɗe yana fama da shi ya zama wani abu daban. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa, yana shaƙar hayaƙi da ƙurar ƙarfe. Likita ya tsayar da ni a bakin ofishinsa, ya yi magana mai tsawo, abin da na riƙe kawai shi ne, "A bar shi ya yi abin da ransa ke so." Aka haɗo mu da tukunyar iska da robar da ake saƙala masa a hanci. Gwaggo, ƙanwarsa, ta tattaro kayanta ta zo jinya.

A wannan makon na gaya wa Yaya zan nemi kyamarar fim.

"Ke dai akwai neman wa kai wahala," in ji shi. "Wa ke amfani da wannan yanzu? Ki laɓe ki ɗauke shi da waya yana barci mana."

"Ba sata nake so in yi ba, Yaya. So nake ya kalle ni."

Ya kau da kai. Maganar waya ba ta yi masa daɗi tun abin da ya faru, ni ma ban so na fama masa ba.

Shagon Mai Agogo yana saman bene, tsakanin mai yankan makulli da wani tela. Ɗaki ne tsukukku mai warin man keke da tsohuwar fata. Yana zaune a bayan tebur da gilashin gyara ɗaure a goshi. Ya gane ni tun kafin in gama sallama.

"'Yar mai gwangwanin biskit. Ina tsohon?"

Na ce yana gida, ban ƙara ba. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauko kyamara uku ya jera a kan wani tsumma.

Ta farko ita ta ɗauke mini ido. Baƙa ce mai sheƙi, da dogon gilashi, a cikin jakarta ta fata, har takardar bayaninta tana nan ba ko lanƙwasa. Na kai hannu.

"Kowa ita yake fara taɓawa," ya ce. "Buɗe gidan batir ɗin."

Na buɗe. Wani farin gari mai kore-kore ya zubo mini a tafin hannu.

"Mai ita ya saye ta, ya ɗauki fim ɗaya, ya ajiye da batir a ciki ya manta. Batir ya fashe ya cinye wayoyin. Na goge, na ɗaura, tana tashi, amma ranar da ta ga dama. In ado kike so ki sa a falo, ɗauki. In aiki kike so, ajiye."

Na ajiye. Ta biyun ya sa mata batir, ya danna, ta kama ƙara. Ya miƙo mini ƙaramar tocila ya ce in haska gilashin ta baya in leƙa ta gaba. Nan kam aikina ne, shekara tara ina goge gilashi ina auna shi. Na ga wasu zare-zare farare sun bazu daga gefe kamar saƙar gizo.

"Fumfuna ce," na ce. "Kuma ta ciki ce, ta ci fuskar gilashin. Wannan ko an goge tabon na nan."

Ya ɗaga gilashin goshinsa ya dube ni.

"A ina kike aiki?"

"Shagon tabarau."

"Shi ya sa. To, ido kina da shi, saura kunne. Kara ta a kunnenki."

Na kara. Da farko ban ji komai ba sai ƙara. Ya ce in rufe ido. Can sai na ji tana tafiya tana ɗan ja da baya, kamar mai ɗingishi.

"Man cikinta ya daskare, kuma haƙoran robar sun fara cinyewa. Irin wannan tana tsayawa a tsakiyar fim, ke kina can kina danna abinki ba ki sani ba."

Ta ukun mummuna ce. Launin toka, nauyi kamar dutsen guga, fentin gefenta ya goge har ƙarfe ya bayyana daidai inda babban yatsa ke zama. Igiyar rataya ma wani ya canza mata da ta jakar makaranta.

"Wannan ba ta cin batir," ya ce. "Murɗa ta ake yi kamar agogon bango. Murɗi ɗaya, rabin minti. Ta wani malamin makaranta ce, ya yi shekaru yana ɗaukar wasannin ɗalibai da ita. Kyamarar da ta sha hannu ta fi wadda ta sha barci, don aiki shi ke hana mai daskarewa."

Ya buɗe ƙofar gefe ya nuna mini ƴar tagar da fim ke wucewa ta gabanta, ya sa na shafa da yatsa in ji ko akwai tsatsa ko kaifin da zai karce fim. Sumul take. Ya nuna mini ƴar ƙugiyar da ke jan fim, tana leƙowa tana komawa. Na haska gilashin, tas. Sai ya murɗa ta ya kara mini a kunne. Ƙararta ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar keken ɗinki a hannun gwani.

"Ita zan ɗauka," na ce.

"Ki ɗauka, amma da sharaɗi." Ya ciro kwalin fim biyu daga wani ƙaramin firji. "Su ke nan suka rage mini. Kowane minti uku ne da ɗan ɗoriya, kuma ba ya ɗaukar murya. Na farko na gwaji ne. Ki ɗauki rana, ki ɗauki inuwa, ki ɗauki abu mai motsi, ki kawo mini in aika a wanke. A garin nan babu mai wankewa, sati uku yake yi kafin ya dawo. In ya fito da kyau, sai ki ɗauki abin da kike so da na biyun."

"Sati uku, Malam?"

"Kunnena yana jin inji, amma ba ya jin haske. In akwai inda haske ke satar shiga, sai an wanke ake gani. Na san wanda ya ɗauki tashin ɗansa zuwa ƙasar waje da kyamarar da bai gwada ba. Fim ya dawo fari fat, ko inuwar mutum babu. A kan kujerar nan ya zauna yana kuka."

Sai a lokacin na gaya masa Baba ba shi da lafiya, da abin da likita ya ce. Ya shafa tsumman da ke kan tebur.

"Ba zan hana ki ba, 'yata. Kyamara taki ce, uba naki ne. Amma da ni ne, zan gwada. In kika tara shi ya shirya, ya zauna, ya ba ki ɗan ƙarfin da ya rage masa, fim ya dawo babu komai, wannan ya fi ciwo."

Na sami Baba a baranda da hantsi washegari. Gidanmu a hawa na biyu yake, barandar tana kallon filin da maƙwabta ke shanya da ajiye motoci. Baba yana kan kujerarsa, da singileti, tukunyar iska a gefe. Na ɗora masa kyamarar a cinya. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya murɗa, ya kara a kunne ba tare da kowa ya ce masa ya yi ba.

"Wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa," ya ce. "Ji yadda take numfashi. Ta fi ni."

"Yaya, ka bar irin wannan magana," Gwaggo ta ce wa Baba daga ƙofar kicin.

Na sa fim ɗin gwajin na ce bari in fara da shi, ko na rabin minti ne.

"A haka? Gemu kamar burushi, singileti, ga roba a hanci kamar saniya? Wannan za ki nuna wa jikokina? A'a. Me tsohon ya ce miki?"

Na faɗa masa.

"To ya yi gaskiya. Mu ma ba ma ɗora fasinja a injin da ba mu gwada ba. Bari gwajin ya dawo. In yi aski, in sa farar rigata, in cire wannan abin na minti uku ko zan shiɗe. Sannan ki ɗauka."

Gaskiyar magana, ban matsa ba. Da na ɗaga kyamarar na leƙa ta ƴar tagar, na ga yadda wuyansa ya zama, da ƙasusuwan kafaɗarsa, sai na sauke ta. Da ya ce a bari, wani ɓangare na zuciyata ya ji sauƙi. Wannan sauƙin har yau ina jin kunyarsa.

"Kawo in yi miki gwajin," ya ce. "Ke sauka ƙasa. An ce abu mai motsi, ai ga ki."

Na sauka. Yana daga sama yana ba ni umarni kamar wani shugaban ma'aikata: ki shiga rana, ki koma inuwar bishiya, ki yi sauri, ke tafiyar ke nan? Matar maƙwabcinmu da ke shanya tana ta dariya. Ana cikin haka Yaya ya shigo da motarsa, ya fito yana tambayar haukan me ake yi, Baba ya juya kyamarar kansa. Duk rabin minti sai ya tsaya ya murɗa. Daga baya murɗin ya gagare shi, Gwaggo ce ta riƙa yi masa. Da fim ya ƙare ya jingina yana haki, fuskarsa sharkaf da gumi, amma rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun Mama na da rai.

A ranar na kai wa Mai Agogo kwalin.

Satin farko Baba ya ji dama. Ya ci abinci, ya yi wa Gwaggo tsiya a kan gishiri. Ya sa aka kira mai aski tun gwaji bai dawo ba, wai don fatar ta huta kafin ranar. Gwaggo ta goge farar rigar ta rataye a bayan ƙofa cikin leda. Kullum na dawo aiki sai ya ce, "Tsohon bai kira ba?"

A sati na biyu zazzaɓi ya rufe shi, muka koma asibiti. Sau biyu ina zuwa da kyamarar a jakata, da fim na biyun a ciki. Ɗakin da aka kwantar da shi taga ɗaya gare shi, ita ma tana kallon bango, kuma Mai Agogo ya gaya mini fim ɗin yana son haske. Ban da haka, yanzu ba roba ce a hancinsa ba, abin rufe fuska ne gaba ɗaya. Na zauna da jakar a cinya ina jin nauyinta. Ya lura. Ya ɗaga yatsa ya kaɗa mini, a'a, sannan ya nuna ƙirjinsa ya yi alamar ɓalla maɓallin riga. Na ce, "To, Baba, sai mun koma gida."

Ranar kwana na goma sha bakwai, da safe, ina tsaye ina matse tsumman da nake goga masa a goshi, ya cika. Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta karɓi tsumman daga hannuna ta ce in je in kira Yaya.

Bayan kwana biyar wayata ta yi ƙara ina cikin mutane masu gaisuwa.

"'Yar mai gwangwani, albishirinki. Gwajinki ya dawo."

Na ce masa Baba ya rasu. Na ji numfashinsa a wayar, da ƙarar agogunan shagonsa. Ya yi mini ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa, ya ce fim ɗin yana nan duk ranar da na shirya.

Sai da na yi sati biyu kafin na je. A hanya ina ta shirya maganganun da zan faɗa masa. Da ya bar ni da baƙar kyamarar nan, da bai tsorata ni da labarin fim fari fat ba, da bai ce sati uku ba. Na hau benen da fushina. Na tarar ya riga ya ɗaura fim ɗin a majigi, ya ajiye mini kujera. Ya ja labule ya kunna.

Hoton ya fito tas, launi kamar a taɓa. Ga filin gidanmu, ga zanin gado yana kaɗawa a igiya, ga ni na fito daga ƙofar bene ina ɗaga kai ina magana. Na shiga rana, na shiga inuwa, fuskata ba ta ɓace ba ko ɗaya. Ban san haka nake tafiya ba, kafaɗa ɗaya a karkace. Ban san kuma Baba ya daɗe da kyamarar a kaina haka ba. Ko bayan na tsaya ina jiran umarni, ina sosa gwiwar hannu, bai ɗauke kyamarar ba. Sai ga motar Yaya. Ya fito yana ɗaga hannuwa, yana ɓata rai, can kuma ya fashe da dariya ya sara wa baranda kamar soja.

Daidai nan hoton ya yi tsalle. Ya girgiza sau uku, ya faɗi ƙasa ya nuna ƙarfen baranda da gefen silifas, sannan ya taso a hankali ya sake nemo mu.

Mai Agogo ya matso da fuskarsa kusa da bango.

"Wannan tsallen bai yi mini ba. Ko ƙugiyar ce take kuskure rami? Amma da na gwada ta…"

"Ba kyamarar ba ce, Malam," na ce. "Tari ne."

Ya koma ya zauna. Kafin fim ɗin ya ƙare an yi tsallen sau biyu kuma, kowane na san irin tarin: wanda ke zuwa uku a jere, da dogon da ke sa Baba dafe gwiwa. Daga nan bango ya yi fari, jelar fim ta kama kaɗawa. Ya kashe majigin, amma bai buɗe labule ba.

"Ni na ce ki jira," ya ce.

Duk maganganun da na shirya suna bakina. Na dube shi, tsoho da gilashi a goshi, hannuwansa a tsakanin cinyoyi.

"Shi ma ya ce a jira," na ce. "Ni ma na yarda. Mu uku ne."

"Kyamarar lafiyarta ƙalau," ya ce, kamar mai ba da haƙuri. Sai ya tashi ya naɗe fim ɗin, ya sa majigin a akwatinsa ya ce in tafi da shi gida, in dawo da shi duk lokacin da na ga dama. Shi da kansa ya sauko mini da shi har bakin titi, yana hutawa a kowace matakala.

Da la'asar na rataya bargo a tagar falo na haska wa Yaya da Gwaggo. Ban yi musu bayanin komai ba. Da tsallen farko ya zo, Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, Yaya, sannu," kamar Baba yana ɗakin. Yayana kuwa ya kalli kansa yana sarawa, ya tashi ya fita. Na same shi zaune a matakala ya haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da shi. Mun daɗe a haka, har maƙwabci ya zo wucewa muka matsa masa.

"A ina ake samun irin fim ɗin?" ya ce daga baya, bai ɗago ba.

"Akwai saura ɗaya a cikin kyamarar."

"Gwaggo jibi za ta tafi," ya ce.

Ranar tafiyarta da safe muka ce ta zauna a baranda. Ta ce ita ba ta ga abin ɗauka a jikin tsohuwa ba, kuma mota za ta tafi ta bar ta. Ta ce bari ta canza mayafi. Yaya ya ce na jikinta ya yi, ya kama hannunta ya zaunar da ita, shi kuma ya tsuguna a gefenta. Na murɗa kyamarar na ɗaga. Gwaggo ta gyara zama, ta haɗe rai kamar mai hoton fasfo, sannan ta fara ba da labarin yadda Baba ya taɓa kwance agogon mahaifinsu yana ɗan shekara tara, ya kasa mayarwa, ya ɓoye ƙarafan a cikin takalmi. Na ce mata fim ɗin ba ya ɗaukar murya.

"To ku ba ku da kunne ne?" ta ce, ta ci gaba.

Sau shida na tsaya na murɗa. Fim ya ƙare labarin bai ƙare ba, na sauke kyamarar muka saurari sauran. Sai da direban ya yi oda a ƙasa karo na biyu sannan Yaya ya ɗauki jakarta, muka raka ta.